Janareta ko sola ga mai shagon kayan sanyi?

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan uwanmu da ya yi tambaya jiya, ya ce yana da shago a Kano, firiza biyu da fanka da fitilu, yana saida fiya wata da lemo da zoɓo, kuɗin mai na neman cinye masa riba, wai ya ƙaro janareta babba ne ko ya lallaɓa ya haɗa sola. Malam ga yadda nake ganin abin.

Janareta dai sauƙinsa ɗaya ne, kuɗin saye. Yau ka biya yau ka ɗauko ka tayar, kuma ko ina akwai mai gyara. Amma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023 lissafin ya canza gaba ɗaya, litar da ake saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Inji mai 2.5kVA in yana jan firiza biyu zai sha kusan lita ɗaya a awa, to ka ɗau biro ka lissafa awa nawa kake kunnawa a rana ka ninka sau talatin, sannan ka ɗora baƙin mai da fulogi da kuɗin sabis, ga ƙara ga hayaƙi ga maƙwabta suna ta ƙorafi. Kuma don Allah kar a riƙa shigar da shi cikin shago a rufe ƙofa saboda tsoron ɓarayi, hayaƙin nan yana kashe mutane a cikin barci.

Sola kuma akasin haka ce, ranar saye ake jin jiki, bayan nan rana ba ta kawo maka bil. Mu nan arewa Allah ya hore mana rana, kuma lokacin da ta fi ƙwallewa, Maris zuwa Mayu, shi ne lokacin da kayan sanyi suka fi tafiya. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne batir, don shi ne mai tsadar kuma shi ke fara mutuwa. Mai ruwa, wanda ake ce wa tubula, ba ya son a zuƙe shi ya wuce rabi, in kana tatsarsa kullum har ƙasa ba zai daɗe ba. Batirin litiyom ya fi juriya nesa ba kusa ba amma kuɗinsa ma haka.

To a nan ne nake so ka natsu. Kai sana'arka ba ta buƙatar batir mai yawa, saboda ƙanƙara ita kanta ajiyar sanyi ce. Ka sa kuɗinka a fanel, wato faifan da ke karɓar hasken rana, firiza su yi aiki tun daga hantsi har la'asar kai tsaye da rana, ka jera robobin ruwa a ƙasan kowace su daskare, da magariba ka kashe, in dai robar bakin murfin ba ta saki ba za ka tarar da kaya da sanyinsu da safe. Batir ƙarami ya ishe ka fitila da fanka da cajin POS da dare. Ka dai tabbata inbata ɗin, wato na'urar da ke juya wutar sola ta koma irin wutar gida, ta fi ƙarfin kayan sosai, don firiza in za ta tashi tana fizgar wuta ninkin ba ninkin abin da take ci in tana tafiya, shi ya sa za ka ji inbata tana ƙara tana ɗaukewa. Kar ka tada firizojin biyu lokaci guda, ka ba da tazarar 'yan mintuna.

Janaretan da kake da shi kar ka saida, ranar da hadari ya rufe gari a watan Agusta ko ƙurar hunturu ta yi yawa za ka neme shi. Da hunturu kuma sai kana goge fanel akai akai, ƙura na rage masa ƙarfi sosai.

Ba ka faɗa mana layin wutar da kake kai ba. In Band A ne, wato layin da aka fi ba wuta, tun Afrilun 2024 aka kai yunit ɗaya sama da naira 200, duk da haka ta fi fetur arha, in an kawo ka mora, ka dai nemi mita mai kati ka huta da bil ɗin ƙiyasi.

Kafin ka kira mai haɗa sola ka fara duba firizojin naka. Ka sa takarda a bakin murfi ka rufe ka ja, in ta zare ba wahala to sanyi na zurarewa, a canza robar. Ka janye su daga jikin bango iska ta samu wucewa, ka kawar da su daga inda rana ke dukansu, ka ware ɗaya ta ciniki ɗaya ta daskarewa don kar yaran shago su yi ta buɗe duka biyun. In tsohuwar tokunbo ce mai cin wuta kamar gara, wallahi gara ka canza ta da irin mai ƙarancin cin wuta da ake ce wa mai inbata tukunna, fanel ɗin da za ka saya ma sai ya ragu. Ka turo mana hoton takardar da ke manne a bayan kowace firiza mu ga wat nawa take ci, sai a lissafa maka fanel nawa zai ɗauke su.