Tsakanin bugun hannu da bugun inji, ƙanena ɗauki ƙaramin

Ƙanena, kan tambayarka ta wane za ka saya cikin zanen bango biyun nan, ɗauki ƙaramin nan na lino (faranti mai laushi kamar roba da ake sassaƙawa a buga) mai lamba 14/40, wato na 14 cikin 40, ka bar babban na kan tuwal, wato yadin zane, mai 37/250 duk da ya fi cika bango kuma sunan mai shi ya fi fita. Na duba hotunan biyun da ka turo sosai, kuma ni iri biyun duk sun taɓa cin kuɗina.

Duka biyun suna da lamba da sa hannu a ƙasa shi ya sa mutane ke ɗauka abu guda ne. Na linon, mai zanen ne da kanshi ya ɗauki farantin ya sassaƙe shi da 'yar wuƙa, inda ya ƙwaƙule ya fito fari, inda ya bari ya sha tawada, sannan a danna takarda a kai ɗaya bayan ɗaya har 40. Babu wani orijinal da ke rataye a gidan wani wanda naka kwafinshi ne, takardar da za ka riƙe ita ce aikin. Na tuwal ɗin kuwa tablo ne anka zana da fenti, anka ɗauki hotonshi anka sa a ordinater inji ya fesa. Sunan giclée da suke ba shi ma wani Ba'amurke mai aikin bugu, Jack Duganne, ya ƙirƙiro shi a 1991 daga kalmar Faransanci ta fesawa, don mai saye kar ya ji kamar fitar injin biro ce ake miƙa mashi.

Nawa na hannu a Dakar na same shi, watan Mayu na 2018 lokacin Dak'Art, babban taron baje kolin zane na garin, aiki ne ya kai ni amma da marece sai in bi ƙananan wuraren da suke kira OFF. Wani abokina ya shigar da ni wani ɗaki a bene, zafi, warin tawada da kananzir, wani yaro matashi da bai fi shekara talatin ba yana murza rola a kan gilashi har tawadar ta fara wannan ƙarar ta tsat tsat, ya shafa a farantin, ya ɗora takarda a hankali kamar mai kwantar da jinjiri, ya juya injin matsi da hannu biyu. Da ya kama gefen takardar ya ɗaga wallahi sai da na yi shiru. Mata uku ne suna daka, taɓarya ɗaya a sama biyu a ƙasa, baƙi da fari kawai, amma kana jin lugude a ciki, nan take na tuna tsakar gidanmu a Tawa da hantsi. Ya jera min na 9 da na 10 na duba, a na 9 baƙin zanen matar tsakiya ya fi cika, a na 10 akwai ɗan farin ƙura ƙura inda tawada ba ta kama ba, ya ce in zaɓa. Na ɗauki 9/30, ya sa hannu da kiriyon a gabana, jikka 60, ya sa min tsakanin kwali biyu na rungumo shi a jirgi har Yamai. Yau shekaru kenan yana falo, baƙin nan kamar jiya anka buga, in ka karkata shi wajen haske kana ganin tudun tawadar a saman takarda, kuma tsohuwarmu in ta zo nan take zama tana kallo tana cewa ta hagun ce ta iya daka.

Na injin kuma ayarin raƙuman azalai ne a kan tuwal, 58/200, na saya nan cikin gari jikka 95, bazara biyu shuɗin rawunan ya koma ruwan toka, daga baya na je gaisuwa wani gida na tarar da irinshi sak a bango da lamba 58/200 ita ma.

Gaskiya dai akwai bugun inji mai kyau, in tawadar pigment ce, wato mai garin launi, a kan takardar auduga irin su Hahnemühle yana daɗewa, kuma masu ɗaukar hoto da yawa da shi suke fitar da aikinsu, wannan daban. Amma hoton tablo guda 250 kayan ado ne, kuɗin ado ya kamata a biya.

Kar kuma wani ya ce maka bugun hannu aikin yara 'yan lakkwal ne. Bruce Onobrakpeya na Najeriya, haifaffen 1932, a Zariya ya yi karatun zane a ƙarshen shekarun 1950, kuma da bugu duniya ta san shi. Su ma dardumomin bango na masaƙar Thiès a Senegal da shugaba Senghor ya buɗe a 1966, kowane zane guda 8 suke saƙawa su tsaya. A Faransa doka ta sa iyaka, mutum-mutumin tagulla guda 8, hoton kamara guda 30, in ya wuce haka ba a lissafa shi aikin fasaha wajen haraji. To ka auna 250 da wanga ma'auni. Lambar ƙasa ita za ka duba, ta saman ba ta da wani tasiri, 1/40 bai fi 40/40 daraja ba duk da dillalai na son ƙara kuɗi a kan na farko.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, harkar nan akwai macuta, kuma sun fi yawa a wajen bugun inji don fayil ne, yau a fitar da 250 gobe a fitar da wasu 250 ba wanda ya sani. Farantin lino ko na jan ƙarfe yana cinyewa da bugu, kuma masu gaskiya in sun gama suna karce shi ko su huda shi don kar a sake. Tambayi mai linon mi ya yi da farantin. Sa hannu ya zama na kiriyon a gefen fari na takarda, lamba a hagu suna a dama, ka karkata ka ga ƙyallin kiriyon ɗin da ɗan ramin da ya yi. In sa hannun yana cikin hoton kanshi to inji ne ya buga shi tare da sauran. Ɗauki hoto da waya ka ja shi sosai ko ka ari lup, gilashin ƙara girma, wajen mai gyaran agogo, bugun inji za ka ga ɗige ɗige ƙanana masu launi, na hannu tawada ce shimfiɗe mai gefe. In ka ga E.A. a madadin lamba, wato épreuve d'artiste, rabon mai zanen ne kuma bisa al'ada ba ya wuce kamar ɗaya cikin goma na bugun, to in mutum ya baza maka E.A. guda ashirin a tebur ka kama hanya. Sartifika kuwa kowa na iya buga ta a siber da tambarin zinariya, ni ma an ba ni. Wanda ya zo maka da aikin manyan masu zanen Turai irin su Dalí ko Picasso a arha kar ka tsaya ma, shi Dalí an san ya sa hannu a fararen takardu dubbai tun yana raye, jabunshi sun cika duniya. Tunda mai naka yana da rai, ka ce a ba ka lambarshi ka tura mashi hoton ta WhatsApp, gaba da baya, ya ce eh nashi ne. Dillalin da ya hana ka wannan ya riga ya ba ka amsa.

Zancen riba kuma ka cire shi a ranka tun yanzu, nan Yamai ba kamar fili ko zinariya ba ne da za ka fita da safe ka dawo da kuɗi, ka saya don kana son ganinshi kullum. In a gida ba a son surar mai rai a bango, tambayi mai linon, masu lino da serigarafi (wani bugun hannu ta cikin yadi mai raga) da yawa suna da na haruffan tifinag da ajami da zanen tabarma.

Inda za ka iya ɓata shi da hannunka shi ne wajen kadar, wato katako da gilashin da ake sa hoto ciki. Masu kadar da yawa manna takardar suke da gam a jikin katako su datse gefen don ta shiga, daga ranar an kashe ta, har lambar wasu ke yankewa. Ka tsaya a kanshi, ba gam ba sikoc ba almakashi, a sa kwalin passe-partout marar asid don takardar kar ta taɓa gilashi, in ba haka ba damina ɗaya raɓa za ta manna su. A like bayan ruf saboda ƙurar hunturu da gara, kar ka rataye shi inda rana ke faɗowa ta taga ko ƙarƙashin kilim ko bangon da ke jiƙa a watan Agusta. Kuma kar ka naɗe shi, kwance tsakanin kwali biyu za ka ɗauko.

Tunda na linon ya fi arha, jikka 30 ɗin da za ta rage maka tsakanin kuɗin biyun ita za ka sa a kadar mai kyau. In ka karɓo ka kira ni ranar Asabar bayan la'asar mu je tare wajen mai kadar da ya yi min nawa, ka taho da rasit ɗin da sunan aikin da shekara da lambar a rubuce.