Cikakken katan daga Japan, ko kwali ɗaya-ɗaya a hannun 'yan tsakiya?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tsakanin biyun da kika ambata, wato yin odar cikakken katan daga shagon Japan da kuma tsintar kwalayen sa'a (rufaffun kwalayen 'yan ƙananan kayan wasa da ba a sanin abin da ke ciki sai an buɗe) ɗaya-ɗaya a hannun masu sayarwa a intanet, katan ɗin za ki saya. Duka biyun na taɓa zuba kuɗina a cikinsu. Ɗaya yana nan cikin durowar gilashi a falona, kullum na wuce sai na tsaya na kalle shi. Ɗayan kuwa tuni na zubar.

Abin da na saya na kamfanin Re-Ment ne, wani kamfani da ke Tokyo wanda ya yi suna wajen ƙera 'yan mitsi-mitsin kayan kicin da abinci da kayan shago. Jerin nasu da ake kira Puchi Sample shi ne ya kama zuciyata. Na zaɓi saitin kicin ɗin gidan Japanawa irin na da, katan ɗaya mai ƙananan kwalaye 8. A lokacin ƙanena yana karatu a Maleshiya, sai na sa adireshinsa, da ya tashi zuwa hutun Babbar Sallah ya jefa shi cikin jaka ya taho mini da shi, ledar kamfani ko ɓarewa ba a yi ba.

Bayan la'asar muka shimfiɗa farin zane a tsakar ɗaki, ni da 'yata da Hajiyarmu. Kowane kwali iri ɗaya ne a waje, hoton duka saitin ne a jiki, ba abin da zai gaya miki mene ne a ciki. 'Yata ke zaɓa, ni ina ɓarewa. Na farko da ya fito tukunyar shinkafa ce da ba ta wuce girman farcen babban yatsana ba, murfinta yana buɗuwa, shinkafar ciki kuma ƙwaya-ƙwaya ake ganinta. Na biyu gasasshen kifi ne a kan dogon faranti, har da ɗan baƙin da wuta ke bari a fatar kifi. Tsinkayen cin abincinsu sun fi tsinken tsintsiya siranta. Hajiya da farko cewa ta yi wannan ai ɓarnar kuɗi ce, amma da aka kai kwali na huɗu sai ga ta ta ɗauko tabarau, ta aza butar shayin a tafin hannunta tana juya ta. Daga nan ta shiga ba mu labarin 'yan tukwanen yumɓu da suke ginawa suna yara, da yadda suke dafa tuwon ƙasa su yi wa 'yar tsana biki. Har aka kira magariba ba mu tashi ba. Kwali takwas, kaya takwas daban-daban, babu wanda ya maimaita.

Wannan rashin maimaitawar shi ne gaba ɗaya dalilin da ya sa nake cewa katan. Yawancin waɗannan kamfanoni suna shirya katan ne ta yadda kowane samfuri zai fito sau ɗaya. Idan jerin yana da iri 8, katan mai 8 zai ba ki duka. Daɗin ɓarewa yana nan, don ba ki san wanne zai riga fitowa ba, amma ƙarshen abin a hannunki yake. Idan kuwa kika ce ɗaya-ɗaya za ki riƙa tsinta daga wurare daban-daban, lissafi kansa ba ya bayanki: kafin ki haɗa iri 8 ta hanyar sa'a zalla, a matsakaici sai kin sayi kusan kwali 22. Idan iri 12 ne, sai kin haura 37. Ki ɗora kuɗin aikowa a kan kowanne ki ga inda aka kwana.

Sonny Angel, wata 'yar tsanar roba ta Japan da ake sayarwa a irin waɗannan kwalaye, shi ma haka tsarinsa yake. Kamfanin Dreams ne ke yin sa tun 2004, kuma jerinsa na yau da kullum iri 12 ne a katan. Akwai na ɓoye wanda ba a nuna hotonsa, shi kuma ɗaya ne cikin 144, wato katan goma sha biyu kafin a sa ran guda. In ya faɗo a katan ɗinki, yakan maye gurbin ɗaya daga cikin sha biyun ne. Kada ki sa ranki a kansa, kuma kada ki bari wani ya ja ki da shi.

Sayen ɗaya-ɗaya fa? Amfaninsa guda ne, kuɗin da za ki fitar a tashin farko kaɗan ne. Iyakarsa ke nan.

Ba ki tambaye ni wannan ba amma sai na faɗa, don nan ne aka cuce ni. Kafin in san hanyar katan, na ga wani mai sayarwa yana tallan kwalaye a farashin da bai kai rabin na Japan ba, hotunansa tsaf-tsaf, har da rantsuwar cewa kai tsaye daga Tokyo yake kawowa. Na biya guda uku. Da suka iso, tun kafin in buɗe na ga bakin kwali ɗaya an manne shi da gam, gam ɗin har ya bushe ya yi fari a gefe. Ina ɓarewa wani warin roba mai kama da fetur ya buge ni. Fentin ya zarce layi, wani wurin ya ɗiga, layin da aka haɗa robar yana kartar yatsa. Biyu daga cikin ukun kuma abu ɗaya ne. Na yi masa magana, ya ce ai sa'a ce, kowa da rabonsa. Kwana biyu bayan nan ya toshe ni. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, musamman da yake 'yata na yi wa alkawari.

Cutar iri biyu ce. Akwai jabu tsantsa, wanda ya cika kasuwa tun da Sonny Angel ya yi tashe a TikTok kaya suka yi wuyar samu, musamman ƙananan nan da ake maƙalawa a saman waya. Akwai kuma wadda ta fi wuyar ganewa: kayan na asali ne, amma mai shi ya sayi katan, ya auna kowane kwali a sikeli ko ya buɗe ta ƙasa, ya zare masu farin jini ya sayar da tsada, sannan ya zuba miki ragowar da sunan sa'a. Ke kina ganin kina da rabo a cikin duka, alhali wanda kike so tuni ya bar wurin. Katan da ledar kamfani a jikinsa ya toshe wannan ƙofar.

Kada rubutun da ke cewa an ƙera a Chaina ya ruɗe ki, na asalin ma a can ake ƙera su, kamfanin ne na Japan. Abin dubawa shi ne farashin da ya yi arha fiye da hankali, da ingancin bugun rubutu a kwali, da bakin kwalin, da kuma mai sayarwar da ba zai iya ɗaukar miki hoton kayan a hannunsa tare da takarda mai kwanan watan ranar ba. Sannan duk wanda ya ce miki Labubu, wani ɗan tsanan da shi ma ake sayarwa a kwalin sa'a, ɗan Japan ne, ko dai bai san hajarsa ba ko yana so ya yi miki wayo. Na kamfanin Pop Mart ne na ƙasar Chaina, wanda ya zana shi kuma Kasing Lung ne, haifaffen Hong Kong.

Wurin saye kuwa, AmiAmi da HobbyLink Japan manyan shaguna ne da suka daɗe suna aika kaya ƙasashen waje, kuma shafukansu na da Turanci. Ki tabbata sunan kayan yana ɗauke da kalmar BOX tare da adadin kwalayen, don kada ki biya kina zaton katan ne ashe guda ɗaya ne. Sababbin jeri ana buɗe odarsu watanni kafin su fito, lokacin ne farashi ya fi sauƙi. Da zarar kamfani ya daina buga jeri, sai farashinsa ya fara hawa a hannun masu tarawa.

Idan jerin da kike so ya riga ya ƙare, ko kuma guda ɗaya tak ya shiga ranki, to hanya ita ce kasuwar kayan hannu ta Japan: Mandarake, Suruga-ya, ko Mercari inda mutane ke sayar da nasu. Mafi yawan masu sayarwa a Mercari cikin gida kawai suke aikawa, shi ya sa ake bi ta kamfanonin aike irin su Buyee da ZenMarket. Su za su saya a madadinki, kayan ya sauka a ɗakin ajiyarsu, sannan su haɗa miki komai a kunshi ɗaya su turo. A nan za ki sayi wanda aka riga aka buɗe, kina ganin hotonsa, kin san abin da kika biya. Sai dai ki lissafa ladan aike, da kuɗin kai kayan daga mai shi zuwa ɗakin ajiya, da kuɗin jirgi, da abin da kwastan za su iya nema idan ya iso. Kayan ba su da nauyi amma suna cin wuri, kamfanonin jigila kuma sukan yi caji da girman kunshi idan ya rinjayi nauyinsa. Don haka kafin ki danna biya, ki fara sa adireshinki ki ga hanyoyin aikowar da za su ba ki da farashin kowacce, ki kuma zaɓi mai lambar bibiya. In kina da ɗan uwa a waje mai shirin dawowa gida, ki roƙe shi arziki, ya fi komai sauƙi.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya mini a rai tun ranar da aka cuce ni. Biyan kuɗi a kan abin da ban san ko mene ne ba, ina fatan mai tsada ya faɗo mini, bai kwanta mini ba, ya yi mini kama da cinikin garari da malamai ke jan kunne a kai. Da katan na san abin da na saya tun kafin ya baro shago. Haka kuma Sonny Angel siffar jariri ce tsirara da 'yan fukafukai, ana kiransa mala'ika, shi ya sa ni ban kawo shi gidana ba, na tsaya a tukwane da kwanuka da kayan marmari. Hukunci na malamai ne, ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa, ni dai na gaya miki inda zuciyata ta natsu.

Ki je ki zaɓi saitin Re-Ment guda ɗaya da ya burge ki, na kicin ko na shagon burodi, ki sayi katan ɗinsa cikakke. In akwai mai rarrafe a gidan, a buɗe bayan ya yi barci, don wasu kayan ba su kai ƙwayar wake ba, bakinsa za su nufa. Ki tanadi ɗan hantsaki na ɗauka, da mazubi mai murfi ko durowar da ke rufuwa ruf, saboda ƙurar hunturu tana shiga har cikin 'yar tukunyar shinkafar nan, kuma fitar da ita sai da auduga a kan tsinke.