Katamaran ko jirgi mai jiki ɗaya: wanne za a yi haya don kwana uku a tekun Zanzibar a watan Yuli?

Hajiya, katamaran za ki ɗauka, wato mai jiki biyu a haɗe, tunda da yara za ku je. Da asuba ake gane bambancinsu.

A Yuli iskar kudu ce ke kaɗawa, wadda mutanen can ke kira kusi, shi ya sa jirage ke kwana ta arewa maso yammacin tsibirin, wajen Kendwa da Nungwi. Gab da asuba iska kan kwanta, amma igiyar ruwa ba ta daina shigowa. Jirgi mai jiki ɗaya in ya rasa iskar da za ta riƙe masa hanci, sai ya ba igiyar gefe, ya yi ta rangaji, kofi na gangarowa, yara na tashin zuciya. Katamaran mai tsawon mita 12 faɗinsa ya kusa mita 7, zaune yake daram. Za ki ɗora butar shayi a kan gas ba fargaba, ki shimfiɗa darduma a filin baya ki yi sallarki a tsaye, sannan ki jira fitowar rana wajen shida da rabi, ruwa garau har kina hango yashin ƙasa. Alƙibla daga Zanzibar kusan arewa take sak, amma jirgi na juyawa a kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe shi, cikin dare, don haka ki duba kamfas kafin ki tayar da kabbara. Ki yi hattara da raɓa kuma, saman jirgi santsi yake yi.

Abu na biyu shi ne zurfi. Tsakanin cikar teku da janyewarta a can yakan kai mita 3 zuwa 4. Wanda ya jefa anka a mita 5 da ruwa ya cika, yana iya wayar gari a mita ɗaya da rabi. Katamaran abin da ke cikin ruwa bai fi mita 1.2 ba, zai tsira. Mai jiki ɗaya yana da ƙarfe a ƙasa da ya kai mita 2, sai ya dafe yashi ko murjani. Sarƙar anka kuwa a saki ninki biyar na zurfin lokacin cika: zurfin mita 8, sarƙa mita 40. In an gajarta, ankar ta ja da dare.

Mai jiki ɗaya ya fi araha, ya kuma fi iya tunkarar iska. Iyakarsa ke nan.

Kafin ki ba da kuɗi, ki tambayi lita nawa tankin ruwan daɗi ke ci, da ko akwai sola, domin firji da fanka na shanye batir cikin dare, sai a tashe ku da ƙarar inji tun da duhu.

Dillalan bakin teku kuma, a kula. Wani zai nuna miki hoton jirgi sabo fil, ya karɓi kafin alƙalami, ranar tafiya ki tarar da wani daban. Ki nemi sunan jirgin da bidiyonsa na wannan makon, ki ƙirga rigunan ceto har da na yara, a rubuta miki ko kuɗin ya haɗa da mai, abinci da kuɗin shiga yankin teku da hukuma ke karewa. Duk wanda ya ce zai sauke ki a kan tsibirin Mnemba ki yi kalaci, ƙarya yake yi: tsibirin na masu otal ne, baƙo a ruwan gefensa yake tsayawa.