Gargaɗi ga masu jiragen fito: a kiyayi masu cewa za su mayar da injin 40 ya koma 60

Assalamu alaikum ƴan uwa masu jirgi da masu kwale-kwale, musamman mutanenmu na Yauri, Warrah, Shagunu, Malale har zuwa Gaya da Malanbil, don Allah duk wanda ya ga wannan rubutu ya tura wa ɗan uwansa mai harkar ruwa. Akwai wasu mutane da suka fito yanzu a Facebook da TikTok da guruf guruf na WhatsApp suna tallar wai su ƙwararrun makanikai ne na injin jirgi, ka kawo musu Yamaha 40 ɗinka su buɗe shi su sake haɗa shi ya koma ƙarfin doki 60, wasu ma har 75 suke cewa, kuma wai mai ba zai ƙaru ba. Wallahi damfara ce, kuma damfarar da ba a kuɗi kaɗai take tsayawa ba, rayukan fasinja take taɓawa.

Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin inji ya san wannan. Yamaha Enduro 40 ɗin da yawancinmu muke amfani da shi silinda biyu gare shi, cikinsa 703cc (cc shine ma'aunin girman cikin silinda). Shi kuwa Enduro 60 silinda uku ne, 849cc, 75 ma silinda uku, 1140cc. Toh don girman Allah a ina makaniki zai samo silinda ta uku ya liƙa maka? Abin da suke fakewa da shi shine borin, wai za su faɗaɗa silinda su sa babban fistin. Borin gaskiya ne ana yi, amma gyara ne ake yi wa silindar da ta ci ko ta karce, kuma fistin na obasayiz, wato mai ɗan ƙarin faɗi, da aka saba samu ƙarinsa 0.25 ne ko 0.50 na milimita. Faɗin silindar 40 milimita 80 ne, in ka ƙara mata rabin milimita abin da ka samu bai kai 10cc ba a inji gaba ɗaya, ko kashi 2 cikin 100 bai kai ba. Wannan ne zai ba ka doki 20? Haba jama'a.

Kuma abin da ya sa ƙaryar tasu take shiga kunne shine akwai ƴar gaskiya a gefenta. Akwai injinan da kamfani ya yi su da bulok, wato gangar jikin inji, iri ɗaya, kamar 9.9 da 15, ko 25 da 30, ko 75 da 85, waɗannan bambancinsu a kafireta ne da wasu ƴan kayan shaƙar iska da saiti, makaniki mai ilimi in ya samu kayan orijinal zai iya ɗaga ƙaramin ya kusa babban. Su kuma ƴan damfarar sai su ɗauko wannan misalin su ce ai kaga ana yi, alhali Enduro 40 da Enduro 60 ba gida ɗaya suka fito ba ko kaɗan.

Yadda suke aikin kuwa kusan salo ɗaya ne. Bidiyo za ka gani an ɗaure inji a cikin duro an cika ruwa, ana murza shi yana ihu ruwa na fallatsa, mai magana yana cewa kun ji ƙara kun ji ƙarfi. Inji a cikin duro ba ya jan komai, ba buhun masara ba babur ba mutum hamsin, ko injin da ya kusa mutuwa in ka murza shi a duro zai yi ihu. Daga nan sai a ce ka tura kafin alƙalami rabin kuɗi don wai za a yi odar kaya daga Legas ko Onica, asusun da za a ba ka kuma sunan da ke kai daban sunan mai shafin daban, in ka tambaya ya ce na ƙaninsa ne. Wasu a nan labarin yake ƙarewa, alat na shiga a toshe lambarka.

Amma waɗanda suka fi ban tsoro sune masu karɓar injin da gaske. Wani ɗan uwana da yake fito ranar kasuwa ya faɗa hannunsu, ya kai inji lafiyayye wanda matsalarsa kawai zoben fistin ya fara ci, aka riƙe shi makonni ana yau gobe, da aka dawo da shi an fesa wa murfi fenti an manna sitika mai lamba 60 tana ƙyalli. Ranar farko da jirgi ba lodi ya ji kamar da gaske an ƙara wani abu, saboda inji na tashi da sauri yana ƙara sosai. Ba a jima ba inji ya fara zafi yana ƙwanƙwasa, rannan ya tsaya cak da mutane a ciki, Allah ya taimaka kusa da gaɓa ne aka ja su da sanda. Da wani tsohon makaniki ya buɗe sai ga fistin ɗaya ya huje a ka, kuma kirankshaf da kafireta da akwatin wuta na orijinal duk an cire an sa jabu. Wato ya biya kuɗi an sace masa kayan cikin injinsa, su kuma su je su sayar da orijinal ɗin da tsada a matsayin ɗan Beljiyam.

Wancan ƙarar da ya ji ga inda ta fito. Suna goge kan silinda su rage masa kauri don matsi ya ƙaru, su tura saitin wuta gaba, sannan su canza maka farfela su sa wadda ba ta kamun ruwa sosai wadda inji zai riƙa juya ta da sauƙi. Kai kana jin inji yana kuka sama sai ka ɗauka ƙarfi ne, alhali jirgin bai ƙara gudu ba, injin ne kawai yake wuce iyakar da kamfani ya sa masa, shi 40 tsakanin juyi 4500 zuwa 5500 a minti aka yi shi in an murza shi ƙarshe. Ga matsi ya yi yawa, ga irin fetur ɗin da muke samu a bakin ruwa na jarka wanda wani lokaci har da gurɓatacce, sai wuta ta riƙa tashi ba a kan lokaci ba tana dukan fistin har ya narke. Wasu kuma su faɗaɗa ramin jet na kafireta inji ya koma shan mai babu ƙaƙƙautawa, a wannan zamani da tun cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take.

Abin da ya fi damuna shine lodi. Mutum ya yarda a ransa yanzu 60 gare shi, sai ya ƙara buhu ya ƙara fasinja ya ɗora babura, alhali injin nasa ma bai kai 40 ɗin da yake a da ba. A tsakiyar tafkin Kainji in iska ta taso inji ya mutu, jirgi ya ba igiyar ruwa gefe, ga kututturen itatuwa a ƙarƙashi, wa zai cece ku? Ba mu manta da abin da ya faru kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, jirgi ya nitse da mutane sama da 100, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa NIWA ta ce lodi ya yi yawa. Ban ce gyaran inji ne ya jawo wancan ba, amma duk abin da zai sa mai jirgi ya ƙara lodi a kan ƙarya hanya ɗaya yake kai mu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

In injinka ya yi sanyi ba ya ja kamar da, ka fara da abin da aka sani, a auna matsin silinda da geji a gabanka, a duba filogi, a wanke kafireta, a duba farfela ko ta lanƙwashe ko robar cikinta tana zamewa, a duba robar famfon ruwa, in ruwan nan da inji yake tsartowa ta baya ya rage toh kar ka tashi. Sau da yawa sabon zobe da gasket da saiti mai kyau shine zai dawo maka da dokin da ya ɓata, kuma bayan an sa sabon fistin ka ƙara yawan man 2T, wato man injin da ake gaurayawa da fetur, ka bi shi a hankali na kamar awa 10 kafin ka murza ƙarshe. In kuma jirginka ya fi ƙarfin 40, gara ka sayar ka cika ka sayi 60 ko 75 na gaske.

Kafin ka ba kowa inji ka ɗauki hoton farantin lamba da ke jikin maƙalar da ake ɗaure shi a jirgi, can ne ainihin samfurin inji yake a rubuce, sitikar murfi kowa zai iya bugawa. Ka sa wa manyan kayanka alama da ƙusa ko fenti, ka tsaya a buɗe a gabanka ko ka bar yaronka a wurin, tsofaffin kayan da aka cire a ba ka abinka. Gwaji kuma a kan ruwa za a yi da lodin da ka saba ɗauka, ka kunna manhajar auna gudu a wayarka kafin gyara da bayan gyara. Ciniki a yi shi gaban sarkin jirgi ko shugabannin ƙungiya a rubuta, kar ka tura ko sisi ga wanda ba ka san garejinsa ba.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi kar ya ji kunya ya yi shiru, ya ajiye rasit ɗin tiransfa da hotunan hirarsu da lambar wayar, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi a kan asusun, ya kai rahoto wurin ƴan sanda, sannan ya sanar da shugabannin tasharsu don a faɗa wa sauran masu jirgi kafin ranar kasuwa mai zuwa.