Cinikin kirifto: P2P ko dandali mai rajista?

A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, sai jama'a suka koma P2P, wato ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum: ka sakar wa baƙo USDT (kirifton da darajarsa ke bin dalar Amurka), shi kuma ya turo maka naira. Akwai sauri, farashin ma ba laifi. Amma in kuɗin da ya turo na damfara ne, asusunka za a rufe. Kana tsaye gaban mai POS, katinka ya ƙi aiki.

Dandali mai rajista kuwa, wato kamfanin cinikin kirifto da hukuma ta yi wa rajista, tun da aka ɗage takunkumin a Disambar 2023, sai ka miƙa BVN da hoton fuskarka, a kuma cire caji. Ni dai na fi son wannan, don in ciniki ya ɓaci akwai ofishin da zan kai kuka.