Sashin matasa na asibitin ƙwaƙwalwa: zaman farko ya burge ni, ranar dawowa ta ɓata min rai

Duk mai niyyar kai yaro sashin matasa na asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati da muke zuwa, ya yi sammako. A yanki kati, a buɗe fayil, nas ta auna nauyi da hawan jini, sai layi. Yaron da muka kai shekararsa 16, ya bar ƙwallo, abinci sai an matsa, barci sai gab da asuba, ga fushi kan abin da bai taka kara ya karya ba. A wurin matashi ciwon damuwa yakan fito da fushi fiye da kuka, shi ya sa a gida ake kiransa taurin kai ko shafar aljanu.

Masaniyar halayyar ɗan'adam da muka samu ta san aikinta. Bayan ta saurare mu, ta ce, "Hajiya, ku ɗan ba ni wuri da ɗana." A gabanmu ta gaya masa duk abin da ya faɗa sirri ne, sai fa idan rayuwarsa na cikin haɗari. Ta yi kusan minti 40 da shi. Ta yi amfani da takardar auna ciwon damuwa mai suna PHQ-9, tambayoyi tara kan sati biyun da suka wuce, kowace daga maki 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 10 zuwa sama ake ɗaukar abin da muhimmanci. Tambaya ta tara ita ce ta tunanin mutuwa, kuma ta yi masa ita da Hausa ba kwana-kwana. Iyaye na tsoron wannan tambayar, alhali yin ta ba ya cusa wa yaro tunanin. Ba ta kushe rukiyya ba, ta ce a ci gaba da addu'a a haɗa. Ta sa ya raba shafin littafi gida uku: abin da ya faru, tunanin da ya zo masa, yadda ya ji. Har nan babu abin da zan ce sai sambarka.

Ɗakin likita ne ya ɓata lamarin. Ya rubuta maganin ciwon damuwa mai suna fluoxetine, ƙwaya ɗaya da safe, kuma zaɓin daidai ne, shi ne maganin da aka fi amincewa da shi ga matasa. Amma ya rubuta mu dawo bayan sati shida, ya miƙo takarda, ya kira na gaba. Ko kalma ɗaya ta gargaɗi babu. Wannan magani yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga amfaninsa, kuma a kwanakin farko yana iya kawo tashin zuciya, rashin barci da rashin natsuwa. Mafi muni, a wasu matasa tunanin kashe kai yana iya ƙaruwa. Tun 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗin a takardar maganin. Shi ya sa ake son a riƙa duba yaro kusan kowane sati a watan farko. Sati shida ganganci ne, wallahi.

A kwana na tara da fara shan maganin yaron ya kasa zama wuri ɗaya, yana kai-komo a tsakar gida har ƙarfe biyun dare, yana murza hannuwa. Babu lambar waya a katin. Da muka koma, fayil ya yi ɓatan dabo, wani likita daban ne a kujerar, kuma aka sa yaron da da ƙyar ya buɗe baki ya sake zayyana komai daga farko, ƙofa a buɗe, masu layi na ji. Sirrin da aka yi masa alƙawari ke nan.

A wurin karɓar magani na asibitin ma babu fluoxetine, sai waje. Wani mai kemis ya miƙo wani magani daban, amitriptyline, wai duk ɗaya ne. Kada ku karɓa. Ba a ba matasa shi don damuwa, kuma idan aka sha da yawa yana taɓa zuciya, yana kisa. Shi ma fluoxetine ɗin ya zauna a hannun babba, a ba yaro ƙwaya ɗaya a ga ya haɗiye. A kulle fiya-fiya da maganin ɓera, kada yaro ya sha. Ko ya ji sauƙi ba a yanke sha kwatsam, ana ci gaba aƙalla wata shida.

Har yanzu muna zuwa, saboda masaniyar halayyar nan kaɗai. Amma kada wanda ya tashi daga gaban likita sai ya sa an rubuta masa ranar dawowa cikin sati ɗaya, ya kuma ɗauki hoton takardar maganin a waya, don fayil ɗinsu ba abin dogaro ba ne.