Sharhi: daga Akra zuwa Elmina da ƙauyen Brenu a motar haya

Masu ba da hayar mota da direba a Akra, babban birnin Gana, sukan tallata wannan tafiya a matsayin ta je-ka-dawo a yini guda. Tana yiwuwa, amma asarar kuɗi ce. Tafiyar kwana biyu ce, kuma a bakin teku ya kamata a kwana.

A taswira kilomita 150 ne ko ƙasa da haka kaɗan zuwa Cape Coast ta babbar hanyar N1, sai wasu 12 zuwa Elmina. A zahiri awa uku zuwa huɗu ne. Cunkoson Kasoa ke cinye lokacin, sai kasuwar Mankessim. Wanda ya bar Akra da ƙarfe 5:30 na asuba zai tsallake na farko. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, kuma hanyar da dare ba ta da daɗi saboda manyan motoci da masu wuce juna a kwanar hanya. Tun kafin a tashi a daidaita da mai motar: wa ke sayen mai, wa ke biyan makwancin direba. Nan rigima take tasowa.

Gidan kurkukun bayi na Elmina shi kaɗai ya isa dalilin zuwa. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Ana shiga rukuni-rukuni da ɗan jagora, kusan awa guda, kuma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya. A tsaya a tsakar gidan ɓangaren mata a ɗaga kai: ga barandar da gwamna ke leƙowa daga sama. Ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi kuwa tsaga ce kawai a bango, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma sai ya karkace. Ɗakunan ba iska, don haka a shiga da safe kafin rukunoni su taru. Samarin da ke bakin ƙofa za su tambayi sunanka, kana fitowa ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwaryar dodon koɗi ana jiran kuɗi. In ba ka so, kada ka faɗa.

Abin da direbobi suka fi tsallakewa shi ne tudun St. Jago, tafiyar minti goma a ƙafa. Daga can ake ganin bakin tafkin Benya cike da kwalekwale masu fenti da tutoci, gefe na gugar gefe. Da sassafe suke dawowa da kamu. Ranar Talata masunta ba sa fita teku, saboda haka wanda ya zo don ganin hada-hadar saukar kifi ya kauce mata. A nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane.

Brenu Akyinim na yamma da Elmina, kimanin rabin awa, ana sauka daga N1 a mararrabar Ayensudo. Rairayi ne mai tsawo da itatuwan kwakwa, ba hayaniya. Sai dai kyan ruwan yaudara ne. Igiyar da ta bugi gaɓa tana komawa ta wani siririn mazurari da ƙarfin da ke jan mutum ciki, kuma alamarsa ita ce wurin da ya fi kama da kwanciya, mai duhu, ba kumfa. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ya fita. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, kuma yaro ya kasance a hannu.

Kada a bar direba ya hau rairayi da mota. Busasshen yashi na haɗiye taya, ƙara wuta kuma ƙara nutsewa ne. A riƙe tsabar sidi, kuɗin Gana, don na'urar cirar kuɗi sai an koma gari. Watan Mayu da Yuni ruwan sama ya fi yawa, ƙananan hanyoyi kan yi taɓo.

Gadar igiya ta dajin Kakum, wadda ake cusawa cikin tsarin yini guda, a bar ta sai safiyar dawowa.